Ragtaim: Kiɗan Fiyanon Da Kakata Ta Kira Lugude

   Mutanen Banga, na Kaura, na Shinkafi da Zurmi, da waɗanda rashin kwanciyar hankali ya warwatsa zuwa Gusau da sauran wurare, Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Yau zancen kiɗa za mu yi. Na san tun kafin in ci gaba wani zai ce, yanzu duk halin da muke ciki, kiɗan Turawa ne ya dame ka? Ku yi mini haƙuri zuwa ƙarshe. Kuma tun yanzu in faɗa, ba fatawa na zo bayarwa ba. Hukuncin kiɗa na malamai ne, ni tarihi na zo da shi.

Ga abin da ya jawo zancen. Kwanan baya ina zaune tsakar gida a Kaura, inda kakata take zaune wurinmu tun da sunka baro ƙauye. Ina latse-latsen waya sai na kunna wani tsohon kiɗan fiyano, wato wannan kayan kiɗan mai jerin haƙora farare da baƙaƙe da ake dannawa da yatsu. Tsohuwa tana gefe tana tsince wake. Can sai ta ɗago ta ce, "Kai ango, su wa ka lugude cikin wayag ga taka?"

Na yi dariya na ce, Kaka ba lugude ba ne, mutum guda ne yake kaɗa fiyano, kuma wanda ya tsara kiɗan ya fi shekara ɗari da mutuwa, a Amurka.

Ta ce, "Mutum guda? Ƙarya kakai. Wanga ai mata ukku na bisa turmi."

Wallahi maganar nan ta tsaya mini a rai. Ni da na yi jami'a sai da na karanta bayani mai tsawo kafin in gane yadda kiɗan yake tafiya. Ita da ba ta taɓa ganin fiyano ba ta gane shi cikin minti ɗaya. Sunan kiɗan ragtaim.

To mene ne ma'anar sunan? Kalmomi biyu ne na Ingilishi anka haɗa. Ta farko, rag, tana nufin tsumma, yagaggen ƙyalle. Ta biyu, taim, lokaci ke nan, amma a bakin makaɗa tana nufin awon bugu, wato tazarar da ke tsakanin wannan bugu da na gaba. Idan ka haɗa, ka samu yagaggen awo. Kiɗan da ba ya tafiya sumul, kamar rigar da gefenta ya zare. Akwai kuma bayanin cewa Baƙaƙen Amurka na wancan zamani suna kiran wasu tarukan rawa nasu da wannan kalma ta rag, kuma idan makaɗi ya ɗauki waƙar da kowa ya sani ya karkata bugunta, sai a ce ya yaga ta. Duk ta inda ka ɓullo, maganar yagawa ce.

Yanzu me ake yagawa? Ku ajiye abin da ke hannunku mu gwada tare. Ku ƙirga ɗaya zuwa takwas, kuna maimaitawa, ba gaggawa. Hannun hagu ya riƙa bugun cinya a kan ɗaya, uku, biyar, bakwai. Wannan shi ne tafiyar soja a fareti, dum, cak, dum, cak. Babu mamaki a ciki, ko yaro ya san inda bugu na gaba zai sauka. To yanzu hannun dama ya buga a kan ɗaya, huɗu, bakwai. Kun ji? A kan ɗaya sun haɗu, a kan huɗu dama ta faɗa inda hagu ba ta nan, a kan bakwai sun sake haɗuwa. Wancan bugun da ya faɗa cikin rami, inda kunne bai zata ba, shi ne ran ragtaim. Shi ke sa kafaɗa ta motsa ba tare da ka ba ta izini ba. Ni na laƙaba masa suna bugun tsakani.

Kuma abin da kakata ta ji ke nan. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san lugude. Mace ɗaya tana riƙe da awo, taɓaryarta tana sauka daidai. Ta biyu tana shiga tsakanin saukarta. Wata ta jefa taɓarya sama, ta tafa, ta cafe, ta dawo cikin kiɗan ba ta ɓata shi ba. A ragtaim hannun hagu shi ne mai riƙon awo, hannun dama shi ne mai jifa da tafi. Haka tafin gaɗa yake, haka 'yan amshin kiɗan kotso suke shiga tsakanin juna.

To daga ina abin ya fito? Dole mu koma zamanin cinikin bayi. Mutanen da anka kwasa daga Afirka ta Yamma da ƙasar Kwango zuwa Amurka ba su tafi da kaya ba, amma sun tafi da kunnuwansu da hannuwansu. A 1739 bayi sunka yi tawaye a wani wuri da ake kira Stono, a yankin Karolina ta Kudu. Shekara ta gaba, 1740, hukumar yankin ta yi doka mai tsanani, cikin abin da ta hana bayi har da ganga da ƙaho, don masu bayin sun fahimci cewa ganga tana kiran mutane. Mu nan ba sai an yi mana wannan bayanin ba, mun san kalangu yana magana, mun san abin da tambari yake nufi idan anka buga shi. Akwai wuraren da ganga ta tsira, kamar wani fili a birnin New Orleans da ake kira Dandalin Kwango, inda ake barin bayi su taru ranar Lahadi. Amma a wurare da yawa an raba su da ita.

Da anka karɓe ganga, sai kiɗan ya koma jiki. Tafi, bugun cinya da ƙirji, dukan ƙasa da ƙafa. Sannan ya koma kan wani abin kiɗa da sunka ƙera da kansu, banjo. Ku ji yadda banjo na farko yake: ƙwarya, a rufe ta da fata, a sa sanda, a ɗaura tsirkiya. Wa ya tuna gurmi? Wa ya tuna garaya da molo? Dangi ne. Masu bincike sun fi danganta banjo da wani abin kiɗan mutanen Jola na Senegal da Gambiya mai suna akontin, da kuma ngoni na ƙasar Mali.

A nan zan ja birki kaɗan, don na san halinmu, kada gobe in ga wani ya rubuta cewa Hausawa ne sunka ƙirƙiro kiɗan Amurka. Ban ce haka ba. Hausawan da cinikin bayi ya ƙetarar, inda tarihinsu ya fi fitowa fili shi ne Bahiya ta ƙasar Birazil, inda anka same su cikin yunƙurin tawaye na 1807 da kuma babban tawayen bayi Musulmi na 1835. Abin da nake cewa shi ne, salon shiga tsakanin bugu gadon Afirka ta Yamma ne baki ɗaya, mu da su rijiya ɗaya muka sha.

Akwai kuma wata rawa da ta taimaka. Bayi sukan ga iyayen gijinsu suna taƙama a wurin rawa, ƙirji gaba, hanci sama. Sai su koma su kwaikwaye su, su ƙara gishiri. Masu gidan suna kallo suna dariya, har suna ba wanda ya fi iyawa kyautar kek, ba su san da su ake ba. Daga nan rawar ta samu suna tafiyar kek. Mu da muka san habaici da zambo na makaɗan fada, mun san wannan dabara. Kiɗan wannan rawa yana cikin iyayen ragtaim.

An haramta bauta a Amurka a 1865. Bayan nan Baƙaƙe sunka fara samun fiyano a coci, a makaranta, a gidajen shaƙatawa. Fiyano kayan Bature ne, haƙoransa 88, an gina shi don kiɗan Turai. Sai waɗanga mutane sunka zauna gabansa, hannun hagu ya ɗauki kiɗan fareti na Bature, hannun dama ya ɗauki abin da banjo da tafi suke yi. Ragtaim ke nan. Tarihin mutanen ne a hannu biyu. A 1893 anka yi wani gagarumin bajekoli na duniya a birnin Shikago, makaɗa Baƙaƙe da yawa sunka taru a wuraren shaƙatawa na kewayensa, jama'a daga ko'ina sunka ji salon. A 1897 anka fara buga shi a takarda da wannan suna, kuma a shekarar ne Tom Turpin na birnin St. Louis ya zama Baƙin fata na farko da anka buga irin wannan kiɗa nasa.

Yanzu ga mutumin da kakata ta ji. Sunansa Scott Joplin. An haife shi a jihar Tekzas wajen 1868. Ubansa tsohon bawa ne, lebura a hanyar jirgin ƙasa, yana kaɗa gogen Turawa. Uwarsa tana aikatau da wankau a gidajen Turawa, tana waƙa, tana kaɗa banjo. Wani malamin kiɗa ɗan asalin Jamus mai suna Julius Weiss ya ga yaron yana da baiwa, ya koya masa kyauta. Kun ga hannu biyun nan tun daga gida: banjon uwa da karatun Bajamushe.

Da ya girma ya yi yawon kiɗa, ya zauna a wani gari mai suna Sedaliya a jihar Misuri. Garin jirgin ƙasa ne, cike da leburori da baƙi da masu neman inda za su kashe kuɗin aljihu da dare. Mutanen Kaura sun san irin wannan gari. Tun da layin dogo ya iso Kaura Namoda a 1929 ya tsaya nan, dattawa suna ba da labarin yadda tasha ta tara kowane irin mutum da kowane irin kiɗa. Inda jirgi ya tsaya, nan salo ke cakuɗuwa.

A Sedaliya Joplin ya shiga wata kwalejin Baƙaƙe ya ƙara karatun rubuta kiɗa. Ku riƙe wannan, don nan ne zancen yake. Makaɗan ragtaim suna da yawa, wasu ma an ce sun fi shi zafin hannu. Amma shi ya iya sa kiɗa a takarda, da alamomin da duk wanda ya koya zai karanta ya kaɗa daidai yadda aka tsara. A 1899 wani mai sayar da kayan kiɗa, John Stark, ya buga masa wani kiɗa mai suna Maple Leaf Rag. Kuma Joplin bai sayar da shi gaba ɗaya ba kamar yadda aka saba yi wa Baƙaƙe. Sun yi yarjejeniya a rubuce, santi ɗaya a kan kowace takarda da anka sayar, wato kamar kwabo a cikin naira. Shekarar farko kusan 400 kawai anka sayar. Cikin shekara goma an kai wajen rabin miliyan. Wannan kwabon ya riƙa shigo masa har ƙarshen rayuwarsa. A 1902 ya fitar da The Entertainer, wanda na tabbata da yawanku kun taɓa ji a ƙarar tsofaffin wayoyi ko kayan wasan yara, ba ku san mai shi ba.

Kada ku ɗauka an karɓe shi hannu bibbiyu. Manyan gari, Farare da wasu Baƙaƙen ma, sun ce kiɗan mashaya ne da gidajen karuwai, yana lalata tarbiyya. A 1901 ƙungiyar makaɗan Amurka ta yanke shawarar mambobinta su guje shi. A gefe guda kuma ana ta sayar da waƙoƙi masu wannan salo waɗanda kalmominsu da hotunan bangonsu cin mutuncin Baƙaƙe ne tsantsa. Ana rawa da kiɗan, ana raina mai kiɗan. Wannan bai yi muku kama da wani wuri ba? Mu ma sai mu cika fili don makaɗi, mu yi masa liƙi, amma ranar da ɗansa ya zo neman aure gidanmu sai a tuna ɗan maroƙa ne.

Joplin ya so a girmama abin. Yakan rubuta gargaɗi a kan takardunsa cewa kada a kaɗa da sauri, ragtaim ba tsere ba ne. A 1908 ya fitar da ɗan littafin koyar da salon. A 1911 ya buga wani dogon wasan kwaikwayo na waƙa da kuɗin aljihunsa, mai suna Treemonisha, labarin wata yarinya da ta yi karatu ta ja mutanen ƙauyensu daga hannun masu cin kasuwar jahilci da tsafi. Bai samu wanda zai ɗauki nauyin nuna shi yadda ya kamata ba. Ya rasu ranar 1 ga Afrilu, 1917, a wani asibiti a New York, cikin talauci da ciwo, anka binne shi a kabarin da ko suna babu.

A wannan shekarar ta 1917 ne faifan jaz na farko ya fito, kuma Farare ne sunka yi shi. Jaz ya ture ragtaim daga kasuwa, alhali a cinyarsa ya tashi. Bambancinsu shi ne, ragtaim tsararre ne, kashi-kashi, galibi kashi huɗu, kowanne ana maimaita shi, kamar baitoci. Jaz kuma makaɗi yana ƙirƙira nan take. Jelly Roll Morton a New Orleans ya sassauta ragtaim ya ba shi rangaji. James P. Johnson a unguwar Harlem ya ƙara wa hannun hagu tsalle mai nisa, ya koyar da Fats Waller, shi kuma Duke Ellington ya koyi hannu ta bin wani kiɗan Johnson. Duk wanda ya zauna gaban fiyanon jaz bayan nan, ta wannan ƙofar ya shigo.

An manta da Joplin kusan shekara hamsin. Sai a 1970 wani makaɗi, Joshua Rifkin, ya ɗauko takardun ya kaɗa su a faifai. A 1972 anka nuna Treemonisha cikakke a birnin Atlanta. A 1973 wani fim mai suna The Sting ya yi amfani da kiɗansa, duniya ta ɗauka. A 1974 anka sa alama a kabarinsa. A 1976 anka ba shi lambar girmamawa ta Pulitzer, shekara 59 bayan mutuwarsa. Me ya sa hakan ta yiwu? Takarda. Sauran makaɗan zamaninsa da ba su rubuta ba, yawancinsu ko sunansu bai iso mu ba.

To yanzu mu dawo gida, don abin da ya sa na ɗauko zancen ke nan. Wannan yanki namu ba baya ba ne a kiɗa. Ibrahim Narambaɗa ɗan Tubali ne, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa. Kassu Zurmi sunansa ma ya faɗi garinsu. Ga Sa'idu Faru, ga Musa Ɗanƙwairo, ga Salihu Jankiɗi, duk ƙasar Zamfara. Waɗannan sun yi sa'a, rediyo da kaset sun kama muryoyinsu, malamai irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da Farfesa Aliyu Muhammad Bunza sun yi rubutu a kansu, Allah Ya saka musu. Amma ko a nan, kalmomin waƙar muka fi adanawa. Hannun da ke kan kotso, sunan kowane bugu, yadda wannan ke shiga tsakanin wancan, yana kan mutanen da ke kaɗawa ne, idan sun tafi ya tafi.

Ƙananan makaɗa fa? Akwai wani dattijo a ƙauyen su kakata, makaɗin noma. Idan anka yi gayya, gangarsa ce ke sa samari su manta da rana. Da gonaki sunka gagara zuwa, gayya ta mutu, shi ma ya yi gudun hijira zuwa gari. Na sha cewa zan je in ɗauki muryarsa da waya. Yau aiki, gobe hanya ba kyau, jibi ba caji. Ranar da na tashi da gaske, sai anka ce ai ya rasu tun kafin azumi, gangar ma ya sayar da ita tun da daɗewa ya sayi hatsi. Ba wanda ya hana ni. Sakaci na ne, kuma har yau abin yana cina.

Muna lissafin abin da rashin tsaro ya ci mana, rayuka, shanu, gonaki, makarantu, kuma su ne kan gaba, babu musu. Amma akwai asarar da ba mai ƙirgawa. Dandalin da 'yan mata ke gaɗa da farin wata ya zama kufai. Lugude kuwa, injin niƙa ya rage shi, gudun hijira yana ƙarasa shi, don mata uku da sunka saba turmi ɗaya yanzu ɗaya tana Gusau, ɗaya tana Kaura, ɗaya Allah Ya yi mata rasuwa. Waɗancan bayin an karɓe musu ganga da doka, sunka ɓoye kiɗan a cinya da ƙirji har ya kai jikokinsu. Mu ba doka ta hana mu ba, ga waya a hannun kowa, me za mu ce wa namu jikokin?

Don haka ga roƙona, ƙarami ne. Cikin makon nan kowa ya nemi tsoho ɗaya ko tsohuwa ɗaya. Ka gaishe su yadda ya dace, ka nemi izini kafin ka kunna waya. Idan mace ce, a bar 'yan'uwanmu mata su yi, kuma abin da ba ta yarda a yaɗa ba ya tsaya cikin gida. Ka ɗauki kiɗan ko waƙar daka ko ta reno. Ka tambayi sunan bugun, wa ya koya musu, a wane gari, lokacin wane sarki. Ka rubuta ranar da sunan mai shi, ka adana a wuri biyu, don waya tana faɗawa ruwa. Idan makaɗi ne mai cin abinci da sana'arsa, kada ka tafi hannu rabbana. Kuma idan wata rana abin ya kawo kuɗi, ku tuna kwabon Joplin, mai abu yana da haƙƙi.

Ni na fara. Jiya na aro turmi, na roƙi kakata da maƙwabtanmu biyu. Da farko ta ce bayanta ba ya bari, ta ce in bar ta da tsufanta. Da ta ji ɗayar ta ɓata shiga sau biyu, sai ta miƙe ta ce, "Ba ni taɓaryag ga, ba haka a kai ba." Minti huɗu na ɗauka. Sai da na saurara sau uku kafin in gane inda take shigowa, tsakanin bugu ne, daidai ramin nan da muka ƙirga ɗazu. Ta ce kada in sa muryarta a duniya, na kuma yi alkawari, don haka ba za ku ji ba. Amma yana nan a ajiye, da sunanta da kwanan wata.

Wanda ya yi nasa ya ba mu labari, mako mai zuwa za mu karanto wasu. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya.